Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sarakunan Hausawa, Limamai Da Shugabannin Kasuwannin Legas, Daga Manya Masu Galahanga

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakunan Hausawa na unguwannin Legas, Allah ya ja zamaninku. Allah ya gafarta malamanmu, limaman Juma'a da na masallatan unguwa. Gaisuwa ga shugabannin kasuwanni tun daga Mile 12 har Alaba Rago, da iyayenmu mata masu riƙe da Islamiyyu da ƙungiyoyin zumunci. Ya jama'a, ya haƙuri da mu?

Ni ɗanku ne, haifaffen Agege. Na haura hamsin, kuma abincina yana fitowa ne daga riƙe wa wasu dillalan albasa littafin lissafi. Ina rubuta wannan takarda da yawun wasu 'yan'uwa maza da mata da muka haɗu a wani zauren WhatsApp. Ba mu da yawa. A cikinmu akwai tela, akwai ɗan canji, akwai malamar Islamiyya, da mai gyaran waya, da matan aure. Abin da ya haɗa mu shi ne sai da girma ya zo mana, wasunmu har da furfura, sannan muka gane muna da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Ƙalilan ne a cikinmu likita ya tabbatar wa. Sauran mu muka gane da kanmu, kuma zan dawo kan wannan, don na san daga nan za a fara yi mana tambaya.

Kwanakin baya mun roƙi wani kwamitin unguwa ya ara mana aji ɗaya a Islamiyya, ranar da babu karatu, mu riƙa zama sau ɗaya a wata. Aka hana. Ajin kuwa a rufe yake wuni. Amsar da aka aiko mana ita ce galahanga ciwon yara ne, mu kuwa ga mu da gemu da iyali, mu je mu riƙe azkar mu rage karance-karancen waya. Ba zan faɗi unguwar ba. Mutanen kirki ne, kuma abin da suka faɗa shi ne abin da mafi yawan jama'armu za su faɗa. Shi ya sa muka ga gara a yi maganar a fili, da ku baki ɗaya.

Ranku ya daɗe, yaro ai ba ya dawwama a yaro. Galahanga yanayi ne na halittar ƙwaƙwalwa, da ita ake tasowa, da ita ake tsufa, kuma bincike ya nuna gado na da babban rabo a cikinta. Ɗaya daga cikin likitocin da suka fara bayyana ta dalla-dalla, Leo Kanner, a 1943 ya rubuta labarin yara 11 da ya duba a Amurka. Na farko a jerin yaran nan, Donald Triplett, ya girma ya yi aikin banki shekara da shekaru, ya yi tuƙin mota, ya zaga ƙasashe, sai a 2023 ya rasu yana da shekara 89. An daɗe likitoci ba sa ambaton sunan sai ga yaron da abin ya yi wa tsanani ƙwarai. Sai wajejen 1980, musamman da aikin wata likita 'yar Ingila, Lorna Wing, aka fara yarda cewa abin hawa-hawa ne: akwai wanda ba ya magana sam kuma yana bukatar mai kula da shi har ƙarshen rayuwa, akwai wanda ya haddace Alƙur'ani yana ciyar da gida amma zaman taron suna na iya kwantar da shi. A 2013 ne likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka haɗe rabe-raben a ƙarƙashin suna ɗaya. To wanda aka haifa a Agege ko Idi-Araba a 1972, wa zai gano shi? Ko a Landan aka haife shi a lokacin, da wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita. Ran Juma'a in masallaci ya cika har titi, a ƙirga sahu a gani.

Akwai kuma wani abu na gida da ya ɓoye mu, kuma ban taɓa jin an faɗe shi ba. Tarbiyyar Bahaushe ta rufa mana asiri, ita kuma ta jinkirta gane mu. Yaron da ba ya iya haɗa ido da mutane, a wurinmu mai ladabi ne, ai dama ba a kallon babba cikin ido. Yarinyar da ke kuɗa kanta a ƙuryar ɗaki ba ta son shiga 'yan'uwa, sai a ce kunya gare ta, a sa mata albarka, a ce mijinta ya dace. Gaisuwarmu ma a jere take, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, kowace da amsarta. Mun haddace ta tsaf, mun wuce a matsayin masu hankali. Inda asirin ke tonuwa shi ne bayan gaisuwa, lokacin da magana ta koma habaici da gugar zana da ba'a. A ce maka "ka kyauta" ka yi godiya da zuciya ɗaya, ashe an gama zaginka. Mai cin abinci ya ce "bismillah", wanda kowa ya san amsarsa "alhamdu lillahi", kai kuwa ka wanke hannu ka zauna. Taubashi ya tsokane ka, ka kwana kana neman laifin da ka yi masa. Daga nan sunaye ke biyowa: miskili, bauɗaɗɗe, murɗaɗɗe, mai girman kai, gaula. Kowannenmu yana da nasa, kuma akwai wanda har yau da laƙabin aka fi saninsa a unguwa, 'ya'yansa na ji.

Ni ta dalilin jikana na gane. An kai shi a duba shi don ya shekara uku bai fara magana ba, ni na raka su da mahaifiyata, wadda har yanzu tana da ƙarfinta. Likita na tambaya ko yana jera kaya a layi, ko yana toshe kunne in an kunna injin niƙa, ko yana ƙin wani abinci saboda santsinsa, ko yana birkicewa in an sauya hanyar da aka saba bi. Hajiya sai dariya take, tana cewa ai duk wannan halin kakansa ne, haka ta sha fama da ni. Likitan bai yi dariya ba. Yawancinmu ta irin wannan ƙofa muka shigo.

Bari in faɗi abin da rashin ganewar nan ke jawo mana, don kada a ɗauka suna kawai muke nema.

A kasuwa muna rasa abinci. Ciniki a wurinmu wasa ne mai dokoki da ba a rubuta ba, a taya, a ce albarka, a ja, a yi kamar za a tafi, a sallama. Mai galahanga sau da yawa ba ya iya wannan rawar. An tambaye shi nawa aka sari kwando, sai ya faɗi gaskiyar kuɗin a gaban mai saye, ubangida ya ga kamar da gangan ya yi masa. Wani ɗan'uwa a cikinmu shago-shago ya riƙa bi ana sallamarsa, ba a taɓa kama shi da ƙwandala ba, laifinsa kullum shi ne ba shi da fara'a kuma bai iya baki ba. Mutumin nan in ka ba shi sito, zai gaya maka buhu nawa ya shiga ranar kaza a watan jiya ba tare da ya buɗe littafi ba. Asarar ba tasa ba ce shi kaɗai, har da masu shagunan.

Sai hayaniya. Legas gari ne da ba ya shiru: janareta, hon ɗin danfo, kwandasta na kiran fasinja, lasifika ta ko'ina. Kowa na gajiya da wannan, mun sani. Bambancin shi ne kunnen yawancin mutane yana tace ƙara, ya riƙe wadda ake bukata ya tura sauran baya. Namu ba ya yi. Duk suna shigowa lokaci guda da ƙarfi ɗaya, har a kai inda magana ke ɗaukewa, ko jiki ya kama rawa, ko mutum ya fashe da faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba. Idan kuka ga dattijo ya sulale daga wurin ɗaurin aure ana shafa fatiha, ko ya tsaya a sahun ƙarshe nesa da lasifika, ko ya zo gaisuwar mutuwa da sassafe kafin a taru, ba raini ba ne. Amma raini ake lissafa masa, kuma a al'ummar da ke zaune nesa da gida, inda zumunci shi ne jari, wanda aka ce ba ya shiga mutane shi ake mantawa da shi ranar da gobara ta ci shagonsa.

Matan cikinmu sun ce in dage a kan nasu, kuma sun fi mu gaskiya. An fi gano galahanga a maza, kusan ninki huɗu, kuma masana da dama na ganin wani ɓangare na tazarar daga iya ɓoyewar mata yake. Mace takan koyi murmushi da hira ta hanyar kwaikwayo, ta yi wunin biki tana yi, ta dawo gida ta kasa ko ɗaga kai. A gidan miji sai a fara ƙirga mata: dangi sun zo ta shige ɗaki, an ba ta turare ta ce yana sa ta amai, uwar miji ta yi mata hannunka-mai-sanda ba ta gane ba, ta amsa magana kai tsaye inda ake jiran kawaici. In an kawo ƙara gabanku, iyayenmu, abin da ake cewa shi ne ba ta son danginsa. Wata a cikinmu aurenta ya mutu ba sau ɗaya ba a kan wannan magana, kuma duk zaman sulhun da aka yi, ba wanda ya tambaye ta me take ji a jikinta in ɗaki ya cika. Haƙuri kawai aka ba ta. A ɓangaren maza kuma har yanzu ana cewa a yi masa aure zai ware. Ba ya warewa, yarinyar mutane ce ake jefawa cikin abin da ba a yi mata bayani ba.

Mafi muni shi ne in an ce iska ce. Mu musulmi ne, ba mu musun ruƙiyya ta shari'a, kuma addu'a ba ta taɓa cutar da kowa ba. Amma Allah ya gafarta Malam, a kama mutumin da ƙara ke azabtarwa, a danne shi, a yi ta kwarara masa karatu cikin kunne da lasifika, in ya yi ihu a ce aljanin ne ya fara magana, a ƙara da bulala da hayaƙi, wannan me sunansa? Akwai waɗanda aka yi wa haka a cikinmu, har yau gabansu na faɗuwa in sun ji an ɗaga murya da karatu, kuma wannan kaɗai ya isa ya dami kowane malami. Ba mu manta da abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 ba, da 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300 daga wani gida, wasu da mari a ƙafa. Iyaye da yawa da kansu suke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare, don ba su san wata ƙofa ba. Shekaru na irin wannan rayuwa su ke haifar da ciwon damuwa da fargaba, waɗanda an tabbatar sun fi yawa a tsakanin masu galahanga.

Yanzu in dawo kan tambayar: wa ya ce muku kuna da ita? Tambaya ce mai kyau, ban ga laifin mai yin ta ba. Gaskiya ne waya ta cika da masu raba wa mutane cututtuka a bidiyon minti ɗaya. Gaskiya ne kuma ciwon damuwa, ko raunin ji, ko wata wahala da mutum ya sha yana yaro, na iya yin kama da galahanga. Akwai jerin tambayoyi 50 da masana a Jami'ar Kambirij suka fitar a 2001, wanda mutane da yawa ke cikewa a intanet, kuma su kansu masu shi ba su ce hukuncin likita ba ne, manuniya ce kawai. Muna gaya wa duk wanda ya shigo zaurenmu haka. Amma a duba hanyar samun takardar likitan. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200, kuma wuraren da ke duba galahanga sun fi karkata ga yara. Binciken babba na bukatar wanda ya san ƙuruciyarsa, alhali iyayen da yawanmu sun rasu ko suna can Arewa. Tambayoyin da Turanci suke, kuma yawancinsu a kan zaman rayuwar da ba tamu ba aka gina su. Ga kuɗi. Ga kuma abin da kowa ya sani: asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana nan tun 1907 da ƙwararrunsa, amma a ce an ga mai gida a layin Yaba, kamar a ce an gan shi a asibitin Dawanau ne a Kano, kafin ya dawo gida labari ya riga shi, a fara janye maganar auren 'yarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutumin da ya shekara hamsin yana lura da kansa, ya karanta, ya tambayi tsofaffin gidansu, ya ga komai ya zauna daidai, bai cancanci a ce masa ya yi shiru sai ya kawo takarda ba. Abin da muke roƙo ma ba magani ba ne, balle a ce za a ba wanda bai dace ba. In wani a cikinmu ya yi kuskuren gane kansa, zama da mu da samun hanyar likita shi zai nuna masa hakan da wuri.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Tun kafin gwamnati ta san da dokar naƙasassu muke da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowane rukuni da mai magana da yawunsa a fada. Wanda lalurarsa ba ta ganuwa da ido ne kawai ba a yi wa gurbi ba. A addini kuwa, Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da laƙabi. A Sahihu Muslim akwai hadisin matar da aka ce akwai wani abu a hankalinta, ta ce wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, tana da bukata, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya je ya tsaya da ita har ta gama. Malamai sun fi ni sanin wannan.

To ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

A ba mu wurin zama. Aji ɗaya, ko zauren fada ranar da ba a zama, sau ɗaya a wata, maza daban mata daban in an fi son haka. Ba ma bukatar lasifika, kun ma ji dalili. Limami ko wakilin sarki na iya zama da mu ya ji abin da muke tattaunawa, da sharaɗin abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, don akwai wanda ko matarsa bai gaya wa ba tukuna.

Malamai su yi magana a mumbari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu a matsayin ranar wayar da kai kan galahanga tun 2007, kuma shekara da shekaru tana wucewa ba mu ji kalma ɗaya da Hausa a masallatanmu ba. Huɗuba ɗaya a Juma'ar da ta fi kusa ta isa a fara. A faɗa wa mutane cewa galahanga ba hauka ba ce, ba sammu ba ce, ba laifin uwa ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta; binciken 1998 da ya yaɗa wannan zargi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. A kuma fayyace cewa wanda hankalinsa ke cikakke, sunan galahanga ba ya zama hujjar riƙe masa gado ko hana shi aure ko ƙin karɓar shaidarsa. Tsoron wannan ne ya hana wasu sa hannu a wasiƙar nan. Duka da ɗauri da sunan ruƙiyya kuwa, muna roƙon a hana su a fili, a kuma bi sawu.

A samar mana ɗan jagora zuwa asibiti. Asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba yake tun 1962, maƙwabcin ɗaya daga cikin manyan unguwannin Hausawa, ga na jiha a Ikeja, ga Yaba. Muna da 'ya'ya likitoci da nas-nas masu jin Hausa a garin nan. Kwamiti ƙarami na mutum biyu ko uku da zai san ina ake duba manya, nawa ake biya, wa zai yi tafinta, zai sauƙaƙa abin da ke gagarar mutum shi kaɗai. Bankin GTBank ya shafe fiye da shekara goma yana shirya taron galahanga duk shekara a Legas, har da ganin ƙwararru kyauta. Labarin ba ya isowa zangonmu, don ba wanda aka ɗora wa kawo shi.

Ku yi amfani da bakinku a wurin gwamnati. Jihar Legas na da dokar masu bukata ta musamman tun 2011, da ofishin LASODA da ke kula da ita. Ta tarayya da ta haramta nuna wa masu lalura bambanci an sa mata hannu a Janairun 2019, kuma a farkon 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. In ni na je ofis, mutum ɗaya ne ya je. In Sarkin Hausawa ya aika takarda yana neman a yi bayanin waɗannan da Hausa, a turo jami'ai su zo unguwa, za a saurara.

Shugabannin kasuwa, naku ba ya cin ko sisi. Kafin a sallami yaro ko babba don bai iya baki ba, a gwada shi a sito, ko lissafi, ko awo. A gaya masa abin da ake so kai tsaye, ba da habaici ba. In ya toshe kunne da abin sauraro ko ya nemi ya ɗan keɓe, a ƙyale shi. Masu sulhun aure kuma, in an kawo ƙarar mace ko namiji da cewa ba ya son mutane, a ƙara tambaya ɗaya kafin a yanke: tun yaushe yake haka?

Akwai kuma waɗanda ba za su iya rubuta wasiƙa ba, kuma bukatarsu ta fi tamu nesa ba kusa ba. A gidajen haya na Agege da Ijora da Obalende akwai samari da 'yan mata, har da manya, da ba sa magana, an kulle su a ɗaki ɗaya don kada maƙwabta su yi ƙorafi, uwa ta tsufa tana tunanin wa zai riƙe su bayanta. In ana rabon zakka ko tallafin azumi, a sa gidajen nan a lissafi, a kuma tura mata 'yan'uwa su riƙa karɓar uwar ko na rabin wuni.

Mun wakilta mutum biyu, namiji da mace, da suka yarda a san fuskarsu. Duk fadar da ta ba da rana, ko masallacin da ya kira, za su zo su amsa tambayoyi. Muna roƙon a sa su da safe, kafin zaure ya cika.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
a madadin 'yan'uwa manya masu galahanga, Hausawa mazauna Legas.